Daga Tebur Zuwa Tawul: Abin Da Wasan Gicciyen Kalmomi Ya Koya Mini Game Da Hausa

1.0 Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne. Gbagyi ne ni, haifaffen Dutsen Kura a cikin garin Minna ta Jihar Neja. Duk wanda ya san Minna ya san cewa Dutsen Kura biyu ce, akwai Dutsen Kura Gwari, akwai kuma Dutsen Kura Hausa. A ta farkon aka haife ni. A gida da Gbagyi ake yi mana magana, a makaranta da Turanci, amma a filin ƙwallo da kasuwa da wajen mai shayi Hausa ce take ci. Saboda haka lokacin da na samu gurbin nazarin Hausa a jami'a, na shigo da tunanin cewa na riga na ci rabin aikin tun daga gida.

Gwajin farko na ƙa'idojin rubutu shi ya kwance mini wannan tunani. Takardata ta dawo ja wur. Na raba kalmomin da ake haɗawa, na haɗa waɗanda ake rabawa, na mayar da mace namiji, sannan na zubar da ƙugiyoyi kamar ba a ƙirƙire su ba. A wani wuri na so in ce mahauci ya sayar mini da nama mai ƙashi, sai na rubuta kalmar ƙarshe da k maras ƙugiya. Malam bai ce komai ba, ya dai ja layi ya rubuta a gefe: "Allah ya sawwaƙe." Abokaina sun yi dariya har da hawaye. Ni kuwa a ranar na fara tambayar yadda ake sauya kwas.

Abin da ya hana ni sauyawa wani wasa ne da na tarar kawuna yana yi a lokacin hutu. Wannan maƙala za ta yi bayanin wasan, da yadda na gwada shi a kan kalmomin Turanci na yau da kullum da Hausa ta ara, da kuma abin da ɗalibin harshe zai iya ƙaruwa da shi. Manufata ɗaya ce: in nuna cewa wanda ya zauna ya tsara wa kalma tambaya da kansa, ya fi wanda ya haddace ƙa'ida riƙe ta.

2.0 Mene Ne Wasan Gicciyen Kalmomi?

Kawuna tsohon ma'aikacin reliwe ne. Tun da ya yi ritaya, da hantsi yakan zauna a gindin mangwaro da tsofaffin jaridun Turanci da guntun fensir, yana cike wasu ƙananan gidaje farare da baƙaƙe kamar gidajen dara. Turawa suna kiran wannan wasa crossword. A nan zan kira shi wasan gicciyen kalmomi, domin kalmomin suna gicciye juna ne, wasu a kwance, wasu a tsaye, kuma duk inda biyu suka haɗu dole harafinsu ya zama ɗaya. Tambayar da ake bayarwa don a gano kowace kalma kuwa zan kira ta manuni. A ƙarshen kowane manuni akan sa lamba a cikin baka, wadda take nuna yawan gidajen da amsar za ta cike.

Wasan bai daɗe sosai a duniya ba. Wanda ake ɗauka a matsayin na farko ya fito ne a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913, kuma wani ɗan jarida haifaffen Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya tsara shi. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya buga littafin farko na irin wannan wasa, ya kuwa samu kasuwa. Jaridar The Times ta Landan ta fara nata a 1930, New York Times kuma a 1942.

Da wasan ya isa Ingila sai aka ƙara masa gishiri. Maimakon a ba ka ma'anar kalma kai tsaye, sai a lulluɓe ta. Irin wannan manuni kashi biyu gare shi. Kashi ɗaya ma'anar kalmar ce ta gaskiya, wadda takan zo a farko ko a ƙarshe. Ɗaya kashin kuma wasa ne da haruffan kalmar. Misali, kalmar carpet, wato darduma, ana iya tsinka ta gida biyu a samu car da pet, mota da dabbar gida. Kalmar teacher, in aka hautsina haruffanta, sai ta koma cheater, malami ya zama macuci. Kalmar stop, in aka karanto ta daga baya, sai ta zama pots, tukwane. Aikin mai tsarawa shi ne ya kai hankalinka gabas alhali amsar tana yamma, amma ba tare da ya yi maka ƙarya ko ta harafi ɗaya ba.

Da kawuna ya gama yi mini wannan bayani sai na ce, "Kawu, ai wannan kacici-kacici ne." Ya ce, "To ɗana, kai da kake karatun Hausa, me ya hana ka yi mana na Hausa?" Gaskiyarsa. Bahaushe ba baƙo ba ne a wasa da harshe. Yana da kacici-kacici, yana da habaici, yana da zaurance inda ake cusa gaɓoɓi a cikin kalma ko a juya su, yana kuma da karangiya, wadda wasu suke kira gagara-Gwari. Wannan suna na ƙarshe ya daɗe yana sosa mini rai, zan kuma dawo kansa. Bambancin kawai shi ne waɗannan wasanni na baki da kunne ne, shi kuwa gicciyen kalmomi na ido da alƙalami ne. Ni kuma ciwona a alƙalami yake.

3.0 Dalilin Farawa Da Kalmomin Aro

Na zaɓi in fara da kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci saboda na san su ta fuska biyu. Na san yadda Bature yake rubuta su, na kuma san yadda direbobin tasha suke faɗarsu. Sai dai da na zo zuba su cikin gidaje, dole ta sa na riƙa ƙirga haruffa ɗaya bayan ɗaya, a nan ne na ga da idona abin da ake ta faɗa mana a darasin tsarin sauti ina jin sa sama-sama. Hausa ba ta aron kalma ta bar ta yadda ta same ta, sai ta yi mata ɗinki daidai jikinta. Ga kaɗan daga cikin abin da na lura da shi:

(a) Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, saboda haka akan cusa wasali a tsakani. Driver ta zama direba, brake ta zama birki, bread ta zama burodi.

(b) Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka akan ƙara wa baƙuwar kalma wasali a ƙarshe. Bucket ta zama bokiti, cement ta zama siminti, bank ta zama banki.

(c) Sautin p yakan koma f a rubutu. Pump ta zama famfo, paint ta zama fenti, patch ta zama faci, passenger ta zama fasinja.

(d) Sautin v yakan koma b, kamar yadda muka gani a direba.

(e) Sautin l na ƙarshen kalma sau da yawa yakan koma r. Table ta zama tebur, pencil ta zama fensir, candle ta zama kyandir.

Wasu kalmomin ma sun saje har mai magana ba ya jin baƙuncinsu. Kwabon da ke cikin sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, daga copper ya fito. Sule daga shilling, sisi daga sixpence, tasha daga station. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda Faransanci ne harshen hukuma a zamanin mulkin mallaka, za ka ji ana kiran makarantar boko lakwal. Wannan yana nuna cewa mai tsara manuni dole ya san su wa yake tsara wa. Abin da ɗan Minna zai amsa nan take, mai yiwuwa ɗan Maraɗi ya tsaya tunani.

4.0 Ire-iren Manuni

Ga hanyoyi biyar da na gwada, tare da misalan da na tsara da kaina. Mai karatu ya rufe amsar da yatsa ya gwada tukuna.

4.1 Haɗa Gutsattsari

A nan ana tsinka kalma zuwa ƙananan kalmomi masu ma'ana, a bayyana kowace, sannan a ba da ma'anar dukkanta.

Ƙauna da launin jini, ga mai tsaron ƙasa (4). Amsa: so da ja, soja.

Tambayar wanda ya yi aiki, ita ce abin kira a aljihunka (4). Amsa: wa ya, waya.

Yarinya ta kurɓa, a inda fasinja ke jiran mota (4). Amsa: ta sha, tasha. Dalilin da ya sa na ƙirga gida huɗu ba biyar ba yana tafe a gaba.

Wannan hanya ita ta warkar da ni daga cutar haɗe kalmomi. Tun da na tsara manuni na biyu ban sake rubuta "waya zo" a inda nake nufin "wa ya zo" ba, domin yanzu da na gan su a haɗe sai in ga wayar hannu ce take tafiya da ƙafarta.

4.2 Hautsina Haruffa

Ana ɗaukar haruffan wata kalma a sake musu jeri. Dole a sa wata kalma da za ta nuna an yi hautsini, kamar rikice, birkice, ko hargitse.

Lura ta rikice, ta koma abin jan layi (4). Amsa: rula.

Taki ya birkice a hannun alƙalin wasa (4). Amsa: kati.

Kanti ya hargitse, sai ga ma'ajiyar ruwa (5). Amsa: tanki.

4.3 Juya Gaɓoɓi

Bature yakan karanto kalma daga baya harafi bayan harafi. Wannan bai cika yi wa Hausa daɗi ba, domin kalmar da ta ƙare da wasali in an juya ta za ta fara da wasali ta ƙare da baƙi. Abin da ya dace da mu shi ne juya gaɓoɓi, irin na masu zaurance.

Juya yawa, ka kira gida (4). Amsa: waya.

Juya tasha, ka ji kalangun mawaƙin da ya rasu a 1999 (4). Amsa: Shata.

4.4 Ɓoyayyar Kalma

Ana ɓoye amsar a tsakanin kalmomin manunin, ƙarshen wata da farkon wata.

Malam ba ya nan, amma ya ɓoye abin da ke gaba da bayan kowace mota (5). Duba ƙarshen malam da kalmar da ke biye: lam da ba, lamba.

Ka kamo ta, akwai abin hawa a ciki (4). Amsa: mota.

4.5 Ma'ana Biyu

Wannan ita ce hanyar da Hausa ta fi kowa arziki a cikinta, kuma dalilin yana cikin ƙa'idar rubutunmu. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Saboda haka kalmomin da kunne yake rarrabewa, ido yana ganinsu iri ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ne ya raba su. Haka wuya ta wahala da wuyan da ke ɗauke da kai. Gari na mutane da gari na tuwo kuwa tsawon wasalin farko ne ya raba su. Duk wannan abinci ne ga mai tsara manuni.

Abin sha, da abin da ake zuba shi (4). Amsa: kofi.

Tsohon kuɗi, kuma sunan namiji (4). Amsa: Sule.

Agaza, ka faɗi abin da za ka biya, ƙafar mota ce (4). Amsa: taya. A nan ma'ana uku ce: taya aiki, taya kaya a kasuwa, da tayar mota.

Ga ɗalibi irina, amfanin wannan hanya shi ne ba ka iya tsara manuni ɗaya sai ka buɗe ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934, da na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, duk sun zama abokan hirata. A da ina ganin alamomin karin sauti a ƙamus kamar ado ne. Yanzu su nake fara dubawa.

5.0 Matsalolin Da Gidajen Suka Tono

Tsara manuni rabin aiki ne. Da na zo gicciya kalmomin sai na ci karo da tambayoyi huɗu, kuma kowace darasi ce.

Ta farko ita ce ƙugiya. Shin k da ƙ za su iya zama a gida ɗaya? Masu wasan a Faransanci ba sa kula da alamomin da ke kan wasulansu, suna zuba su duka a matsayin harafi ɗaya. Da farko na so in bi su don in huta. Amma ɓ da ɗ da ƙ ba ado ba ne a kan b da d da k, sautuka ne masu zaman kansu. Baki daban, baƙi daban. Jibi daban, jiɓi daban. Kafa daban, ƙafa daban. In ka bari kafa ta gicciye ƙasa a harafin farko, ka koya wa mai wasa kuskuren da ya sa aka yi mini dariya. Hukuncina shi ne kowane baƙi mai ƙugiya da gidansa.

Ta biyu ita ce sh da ts. Haruffa biyu ne a ido, amma sauti ɗaya ne a baki, kuma a jerin baƙaƙen Hausa da aka koya mana kowannensu yana da matsayinsa. Sautin farko na tsaye ba t ba ne da s a jere. A nan na sami abin koyi daga mutanen Wales ta Birtaniya, waɗanda suke sa tagwayen haruffansu irin su ll da dd a gida ɗaya in suna wasan da harshensu. Saboda haka na ba sh da ts da 'y gida ɗaiɗai, shi ya sa tasha ta zama gida huɗu. Game da kw da ky da gw da 'yan'uwansu, na bar su gida bibbiyu don sauƙi, ko da yake na san masanin tsarin sauti zai ce su ma sauti ɗaya ne. Abin da ya wajaba shi ne mai tsarawa ya faɗi ƙa'idarsa a saman shafi.

Ta uku ita ce siffar allon kansa. A salon Amurka kowane harafi yana cikin kalma biyu, ta kwance da ta tsaye. Na kwana uku ina ƙoƙarin yin haka da Hausa ban ci nasara ba, daga baya na gane dalili. Ɗauki kalmar mota a layin farko. Gida na biyu o ne, na huɗu a ne. Ke nan ana bukatar kalmomi biyu a tsaye masu farawa da wasali, kuma layi na biyu ma haka, sai ka ga kana neman kalmomi irin su ofis, masu farawa da wasali su ƙare da baƙi. Irinsu kaɗan ne a Hausa, domin gaɓarmu baƙi da wasali ce, ko baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Salon Ingila, inda ake tsallake harafi ɗaya kafin a yi gicciye, shi ya fi karɓar Hausa. Ban taɓa fahimtar tsarin gaɓa kamar a waɗannan kwana uku da na sha kaye ba.

Ta huɗu ita ce jinsi, kuma wannan ba ni na gano ta ba, gano mini aka yi.

6.0 Gwaji A Teburin Mai Shayi

Da na haɗa allona na farko sai na kwafe shi a takardu na tsallaka Dutsen Kura Hausa, wajen wani mai shayi da muke zama da dare. Samari suka karɓa suna ta gardama. Akwai wani dattijo tela da yakan zauna a ƙarshen benci, ba ya karanta boko sosai, sai ya ce a karanto masa. Aka karanto: "Tana da ƙafa huɗu amma ba ta tafiya." Ya ce, "Kujera." Na ce, "A'a Baba, gida biyar ne, tebur ke nan." Ya ajiye kofinsa ya dube ni ya ce, "Yaro, tebur namiji ne. Ka ce tana, ka aike ni wajen mata, sannan ka ce ban samo shi ba? Kai ka ɓatar da ni."

Aka yi dariya, amma wannan karon ban ji zafi ba, domin na ga abin da kuskuren ya jawo. A harshenmu na Gbagyi ba ma raba ya da ta, shi ya sa jinsi yake ba mu wahala. A aji in ka yi wannan kuskure maki ɗaya za a cire. A wasa kuwa ka yaudari mutum ne, ka karya alkawarin da ke tsakaninka da shi cewa ba za ka yi masa ƙarya ba. Daga ranar, duk kalmar da zan tsara wa manuni sai na tambayi jinsinta. Mota da tasha da waya mata ne, kamar yawancin kalmomi masu ƙarewa da a. Tebur da bokiti da siminti maza ne. Amma gida da ruwa da nama da suna maza ne duk da a ɗin da ke ƙarshensu.

A daren ne kuma na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, me ya sa ake cewa gagara-Gwari?" Ya ce ai don ƙ da ts suna ba mu wahala ne. Na ce gaskiya ne, babu irin wannan ƙ a harshenmu. Sannan na roƙe shi ya faɗi sunan unguwar nan ta Minna, Kpakungu, yadda masu ita suke faɗa. Ya gwada sau uku, kp ɗin ta ƙi fita, mai shayi har da riƙe ciki. Dattijon ya ce, "To, wannan kuma gagara-Bahaushe ke nan." Kowane harshe yana da ƙofar da baƙo yake sunkuyawa kafin ya shiga. Abin kunya shi ne mutum ya juya daga bakin ƙofar, kuma saura kaɗan in yi haka.

7.0 Gwada Basirarka

Ga ƙaramin allo mai gida biyar a kwance, biyar a tsaye. Alamar # tana nufin rufaffen gida. Kowace amsa harafi biyar ce, uku daga cikinsu kalmomin aro ne daga Turanci.

1 _ 2 _ 3
_ # _ # _
4 _ _ _ _
_ # _ # _
5 _ _ _ _

A kwance:
1. Yana da ƙafa huɗu amma ba ya tafiya, a kansa malam yake ɗora littafi (5)
4. Yarinya, yayan nan naki namiji, aikin ruwa da sabulu ne (5)
5. Tana kare ka daga ruwan sama, kuma ita ce danshin da ya bari a ƙasa (5)

A tsaye:
1. Kana fitowa daga wanka ka ba shi ruwan jikinka (5)
2. "Ban ƙi", in an cire ƙugiya, ma'ajiyar kuɗi ce (5)
3. Rayuwata, ko kuwa ɗaukar mutum ba a bakin komai ba (5)

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga asalin wasan gicciyen kalmomi, da hanyoyi biyar na tsara manuni, da matsaloli huɗu da Hausa take kawowa in an zo zuba ta a gidaje. An kuma ga cewa kowace matsala tana komawa ne ga wani darasi da muke yi a aji: ƙa'idojin rubutu, tsarin gaɓa, karin sauti, da jinsi. Ban ce wasa zai maye gurbin littafi ba. Ni kaina har yanzu ƙugiya takan kuɓuce mini in ina sauri. Amma ban sauya kwas ba, kuma jan biron da ke dawowa a takarduna ya ragu ƙwarai.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, ita ce kada ku tsaya a cike na wasu. Ku ɗauki kalmomi goma da kuke gani kullum a ɗakinku, bokiti, fanka, tocila, katifa da sauransu, ku tsara wa kowace manuni, sannan ku kai wa wanda ya fi ku jin Hausa ya nemo muku kuskure. Zai samu, kuma wanda ya samo muku ba za ku sake mantawa da shi ba. Su kuma 'yan'uwanmu Hausawa, kada su ɗauka sun tsira. A teburin mai shayin nan, samari biyu da aka haifa cikin Hausa sun yi musu mai tsawo a kan ko laima ake rubutawa ko lema. Ina kuma roƙon hukumar wannan mujalla ta ware shafi ɗaya a kowace fitowa domin wannan wasa, kowane aji ya riƙa kawo nasa allon.

Amsoshi

A kwance: 1. tebur 4. wanki 5. laima
A tsaye: 1. tawul 2. banki 3. raina